Ranar da Ban Ga Lorin Ba

Da ina matashi zuciyata surutu gare ta. In na ɗauko buhun auduga daga tsakiyar hawasha, wato gonar da aka yanka mana, zuwa wurin awo, kafin in kai bakin gonar har a cikin kunnena nake jin ta, dum-dum-dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta. In motar mufattishi, jami'in duba gonaki, ta tsaya ya leƙo yana duban ciyawar da ba mu nome ba, ta fara. In 'yan mata suka biyo gaɓar tur'a, magudanar da ke kai wa gonaki ruwa, da garwa a ka, wata ta waigo, to ranar yini za ta yi tana yi. Ban taɓa ɗaukar wannan abin arziki ba. Haushinta nake ji, don ita ce mai tona mini asiri, murya ta riƙa rawa, hannu ya riƙa rawa, kowa ya gane abin da ke cikina. Yanzu ga ni da furfura har a gira, na daɗe ban ji ta ba, nakan zauna in kasa kunne ko za ta yi magana. Har yau na rasa gane ko hutu na samu ko wani abu aka ɗauke mini, kuma wannan ruɗanin nawa saura ƙiris ya kashe abokina.

Sai in fara da hanya, don a kanta komai ya faru. Ƙauyenmu yana bakin hanyar da ta taso daga Madani ta nufi Sinnar, kuma tun kafin a haife ni akwai abin da muke yi da azumi. Da rana ta yi ja kowane gida zai fito da tirensa, a shimfiɗa dogayen tabarmi a gefen hanya, a jera tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, da dafaffen wake, da dabino, da bokitan hilu-mur, jan abin shan nan da mata ke toya ƙullunsa tun watan Sha'aban har hayaƙin ya kama tufafin kowa. Sai mutum biyu su warware rawani, kowa ya riƙe baki ɗaya, su shiga su tare hanya. Rawani bai kai faɗin hanya ba, saboda haka dole kowannensu ya tsaya a inda mota ke bi. In an tsayar da mota sai a sauko da mutanen ciki a kai su tabarma. Ba roƙo ba ne, ya fi kama da faɗa. Na sha ganin an zare wa direba makulli an sa a aljihu, ba a mayar masa ba sai da ya ci ya yi salla ya sha shayi. Ƙauyukan Larabawa na kusa da mu ma suna yi, amma dattawanmu sukan ce mu wajibi ne a kanmu, don kakanninmu a ƙafa suka taso daga yamma da niyyar Makka, suka tsaya ɗaukar dutse wurin ginin madatsar ruwa a Makwar don neman guzuri, auduga ta riƙe su har suka mutu a nan. Sun san yadda rana ke faɗuwa a kan matafiyi a ƙasar da ba shi da kowa.

A wancan zamanin hanyar ƙasa ce, babu kwalta. Mota tun tana nesa kake jin gurnanin injinta yana tashi yana sauka a cikin ramuka, har ka sami lokacin gyara tsayuwa. Ba agogo a hannun kowa. Ladan yakan hau rufin masallaci ya zuba wa rana ido, mu kuma mu zuba masa ido, kofi a hannu, maƙogwaro a bushe. Kafin ya buɗe baki za ka ji komai, kwaɗi sun fara a tur'a, jakuna na dawowa da karan dawa, ƙaramin jirgin ƙasa mai jigilar auduga yana busa can wajen ma'auni, mata na ƙwala kira a zo a ɗauki abin da aka manta. Yanzu kowa da wayarsa, kowace waya da lokacinta, wannan ya ce saura minti biyu wancan ya ce ai ta yi, ladan na tsaye da lasifika yana jiran su gama gardama. Jirgin audugar ya daɗe da yin shiru. Ba ina cewa wancan zamanin ya fi daɗi ba ne, ƙishirwar cirar auduga da azumi sai wanda ya ɗanɗana. Amma dai na san inda kowane sauti ke fitowa da abin da yake nufi.

Mai riƙe rawani a lokacin kawuna ne, yayan mahaifiyata, dogo, busasshe, mai magana ɗaya-ɗaya. Shekarar da gemu ya fara tsiro mini abokin riƙonsa ya kwanta da zazzaɓi, Kawu ya dubi samarin da ke wurin ya yafito ni. Ya ce, "Riƙa nan. Kada ka saki, kada ka gusa." Sai ga lori ya taso daga kudu, maƙare da masu cirar auduga. Ina kallonsa yana girma, bai rage gudu ba. Zuciyata ta hau duka har na daina jin injin, ita kaɗai nake ji. Ban san lokacin da na saki rawanin ba, sai ganina na yi a cikin ƙaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Da na ɗago, lorin ya tsaya, Kawu yana nan inda yake da bakin rawaninsa a hannu, tsakaninsa da ƙarfen gaban motar bai fi kamu ɗaya ba. Ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi da direban, "Sauko ka sha ruwa."

Bayan salla ina raɓe-raɓe a ƙarshen tabarma, kunya ta hana ni ci, sai ya kira ni. Na zaci faɗa zan sha. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa ta cikin wuyan riga.

"Mi kaj ji?"

Na ce, "Tana tahiya sannu-sannu, Kawu."

Wallahi sannu-sannun ne. Bugu ɗaya, sai ka jira har ka fara tunanin ko shi ke nan, sannan wani ya zo. Ya ɗora nasa hannun a nawa ƙirjin, inda har lokacin ba ta gama lugude ba, ya yi murmushi.

"Taka na gudu don ba ta yarda da Mai ita ba tukuna. Ranad da tay yarda, ta zamna."

Maganar nan na ɗauka na yi rayuwa da ita. Shekara ta kewayo na sake karɓar rawani, ban ƙara saki ba. Bayan rasuwar Kawu abokin riƙona ya zama Tela, sa'ana da aka yi mana kaciya rana ɗaya, gajere, mai ƙiba, mai baki, wanda shagonsa ke kallon hanya. Fiye da shekara arba'in ni a hagu shi a dama. Aka zuba kwalta, aka kawo manyan motocin bas masu tsala gudu, muna nan. Ƙafafuna suka koyi tsayuwa, fuskata ta koyi ɗaurewa, mutane suna cewa na gaji kawuna. Ni kaɗai na san da saura, don duk motar da ta tunkaro sai zuciyar nan ta tashi kamar za ta fasa riga. Na yi azumin nafila, na yi wuridi, na je wajen wani malami a garin Mai Wurno ya ba ni abin karantawa bayan asuba. Ba ta zauna ba. Nakan koma gida in ce da kaina, kai dai imaninka na baki ne.

Sai a 'yan shekarun nan, ba tare da na yi wani sabon abu ba, ta zauna. Na fara lura ranar da maciji ya faɗo daga rufin rumfa a gabanmu, kowa ya watse, ni kuwa na ji shiru a ƙirjina. Na yi murna ƙwarai, har na yi sujadar godiya a ɓoye. Gaskiya akwai wasu abubuwan da suka zo tare da shirun. In na ɗago daga sujada da sauri sai masallaci ya juya, in dafa bango in jira. In zan hau gaɓar tur'a sai ƙafafu su yi nauyi, numfashi ya ƙare, amma zuciyar ba za ta taso ta taimaka ba, tana nan a tafiyarta ta ƙasaita. Barcin rana ya yi mini yawa. Duk na tattara na ce tsufa ne, wane tsoho ne ba ya jiri? Abin da na sa a gaba shi ne bayan shekara sittin na kai inda Kawu ya kai.

Hanyar ma ta canza a daidai lokacin. Tun da ƙasa ta rikice, motocin da ke wucewa ba na 'yan kasuwa da masu zuwa biki ba ne. Katifu ne a kan rufi, da gadaje, da tukwane, da tsofaffi a kwance a bayan lori, mutanen da suka bar gidajensu ba su san ranar komawa ba. Su suka fi kowa bukatar tabarmarmu. Amma direba yanzu in ya hango mutum tsaye a tsakiyar kwalta ba tuwo ke zuwa masa a rai ba, bindiga ce, sai ya ƙara wuta. Wasu ƙauyuka suka daina shiga hanya, sai ɗaga hannu daga gefe, wanda ba ya tsayar da kowa. Mu ma aka yi gardamar a masallaci. Ni na fi kowa ɗaga murya, na ce sai dai a daina bayan raina.

A makon farko na azumin bana muna tsaye ni da Tela, sai ga lori daga arewa. Abin da jama'a suka gani shi ne lorin bai rage gudu ba, Tela ya saki rawani ya daka tsalle ya faɗa ramin gefen hanya, ni kuma ban motsa ba, direba ya taka birki taya na ihu, motar ta ja ta tsaya har ƙarfenta ya taɓa rigata. Abin da ni na gani daban ne. Na hango lorin yana can wajen itacen gawo. Sai gefen idona ya fara duhu, kunnena ya toshe. Daga nan sai zafin inji a fuskata, da warin roba, direba ya diro yana zagi yana kuka lokaci ɗaya. Tsakanin gawon nan da zafin injin ba ni da komai. Ban ga ya matso ba, ban yi niyyar tsayawa ba, ban ma san yadda ƙafafuna suka riƙe ni ba.

Kafin hankalina ya dawo jikina an kewaye ni ana kabbara. Wani ya ce kawunsa sak. Aka jawo Tela daga rami da laka har gemu, aka fashe da dariya. A nan ya kamata in yi magana, ban yi ba. Daɗin yabon ya ratsa ni, na daɗe ina jiransa. Har da ni a tsokana, na ce ku ƙyale shi, awon ramin ya je yi, riga zai ɗinka masa. Aka yi dariya har wani ya ƙware da hilu-mur. Tela ma ya yi dariyar, amma bai ci komai ba ranar.

Autata ce ta ɓata mini shagalin. Ma'aikaciyar jinya ce, a Hasahisa take aiki kafin rikici ya dawo da ita gida. Da na shiga ta zaunar da ni tana duba ko na ji rauni, ta kama wuyan hannuna, sai na ga ta tsaya. Ta ciro waya tana kallon agogo, leɓenta na motsi. Ta sake daga farko. Hausarta rabi ce, in hankalinta ya tashi Larabci ke rinjaya, Baba ma Yaba take cewa.

"Yaba, ma ma'agul, ba shi yiwuwa. Zuciyarka ko bugu arba'in ba ta kai ba a minti."

Na ce, "To, ba shi ke nan ba? Haka nan ta kawuna take."

"Mutumin da lori yat tsaya a hancinai yanzu-yanzu? Ta kowa da ta wuce ɗari." Ta dube ni cikin ido, abin da ba ta saba ba. "Yaba, don girman Allah, ka ga lorin?"

Na ce ta kawo mini shayi. Ba ta tashi ba.

Kwana biyu bayan nan ta tasa ni gaba zuwa Sinnar a hafila, ƙaramar motar haya, ta faɗa wa mutane gwiwa za a duba mini. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta riƙa fitar da doguwar takarda. Likitan sa'an 'yata ne, yana ta ce mini ya Hajj, ni da ko tekun da ake ƙetarawa zuwa Makka ban taɓa gani ba. Ya shimfiɗa takardar ya nuna mini tsini-tsini a jere da nisa a tsakaninsu, sannan ya ɗora yatsa a wani wuri da layin ya miƙe ɗoɗar babu tsini ko ɗaya. Ya ce a saman zuciya, ta ɓangaren dama, akwai wani ɗan siririn wuri da bai wuce gaɓar yatsa ba, shi ke ba da izinin kowane bugu. In mutum ya miƙe tsaye, ko ya ɗauki kaya, ko ya tsorata, jiki yakan aika masa ya ƙara sauri. Da shekaru naman wurin yana raguwa, wani mai tauri irin na tabo ya maye gurbinsa. Ya ce kowane tsoho zuciyarsa ba ta iya gudun da take yi da ƙuruciya, wannan ba ciwo ba ne, amma nawa ya wuce nan. Yana jinkiri, kuma wani lokaci yakan yi shiru na 'yan daƙiƙu, jini ya kasa kaiwa ka, shi ne duhun da nake gani.

Da ya ga ban gane ba sai ya ce, "Ya Hajj, ai kai manomi ne, ka san gafirin tur'a mai buɗe ƙofar ruwa. To naka ya tsufa, yana gyangyaɗi a kan ƙofar. Gonaki na kira ba ya ji."

Na yi faɗa da gafirai da yawa a rayuwata, ban taɓa sanin akwai wani a cikin ƙirjina ba. Na ba shi labarin Kawu duka, har da hannuna a ƙirjinsa. Ya tambaye ni shekarunsa a lokacin, na ce ya haura saba'in. Ya tambaye ni ko yakan yi jiri. Na buɗe baki zan ce a'a, sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yadda Kawu yakan tashi daga salla ya tsaya ƙiƙam ido a kafe, mu ce zikiri yake. Yadda yakan zauna a tsakiyar gona ba dalili. Yadda aka tsince shi da hantsi a gaɓar tur'a, fartanya a hannu, ba ciwo ba jinya, aka ce mutuwar mutanen kirki ke nan. Na ce da likitan, to kawun nawa jarumi ne ko mara lafiya? Ya ce shi bai taɓa riƙe hannunsa ba, ba zai iya sani ba, kuma mutum yana iya zama duka biyun. Wannan amsar ba ta yi mini maganin komai ba.

Ya ce sai an sa mini jihazi, ɗan ƙaramin batir da ake ɓoyewa a ƙarƙashin fata, in gafirin ya yi barci shi ya buɗe ƙofar. Ba a yi a nan, sai an nemo mini wuri a babban gari. Kafin nan ba hanya, ba tsayuwa a rana, ba tashi da sauri, azumin ma in ajiye in ciyar. Na ce masa to, amma azumin ban ajiye ba.

Na dawo na koma zaman tabarma da sunan ciwon gwiwa, wasu magidanta biyu suka karɓi rawani suna riƙe shi a ɗarare. Duk wanda ya zo gaishe ni sai ya tayar da zancen lorin, ni kuwa in yi murmushi, kaina a ɗaure. In shirun ƙirjina ciwo ne, me na yi shekara sittin ina nema? Sujadar godiyar da na yi, a kan me na yi ta? In an sa batir yana tura ta, bugun na wa ke nan, nawa ko na waɗanda suka ƙera shi? Wani lokaci in ga kamar shekarun da take gudu ina tsaye su ne na ƙwarai, sai kuma in kama kaina, in ce kai tsoho, wani yabon kake nema ta bayan gida. Abin da ya fi ci mini rai Kawu ne. Ban sani ba ko shi ma bai ga nasa lorin ba, ya farka ya tarar da yaro yana kallonsa baki buɗe, ya faɗi abin da ya zo masa a baki.

Tela kuwa tun ranar bai ƙara fitowa tabarma ba, a shago yake shan ruwa shi kaɗai. Ran nan da la'asar sai ga shi a ƙofar gidana, ya rame, ya ƙi zama.

"Kai ka samu suna, ni na samu rami. Jikokina sun samu wasa, wani shi zan lori, wani shi zan Tela."

Na ce, "Ƙyale yara. Zamna mu yi magana."

"Ba ni zamnawa. Yau ni za ni riƙe rawani. Wallahi tallahi in nig gusa, kada a sake kirana namiji. Abin da kay yi, ni ma uwa ta haihe ni."

Na ce, "Haba, mun tsufa da wanga abu."

"Kai ba ka tsufa ba ran nan?"

Ya juya ya tafi. Ina iya kiransa in faɗa masa a nan, mu biyu, amma ban kira shi ba. Na san Tela, bai taɓa rantsuwa ya warware ba, kuma na san direbobin yanzu. Wancan ya taka birki ne don Allah ya nufa, na gaba ba lalle ya taka ba.

Da aka shimfiɗa tabarmi, rana ta yi ja, Tela ya fito da rawani a kafaɗa, sai na ɗaga murya daga inda nake zaune. Na ce, "Jama'a, ku saurara. Ran nan ban ga lorin ba. Duhu nig gani. Zuciyata ta tsaya, ba ni nit tsaya ba. Ba gwiwa ak kai ni Sinnar ba, ciwon zuciya gare ni, likita ya ce batir za a sa mani."

 Na sunkuyar da kai ina jiran dariya, na shirya mata. Sai na ji liman ya ce, "Masha Allah. Ga ƙarfin hali, ga ƙanƙan da kai." Wani ya ce abokinsa yake son rufa wa asiri, haka manya suke. Aka riƙa jinjina kai ana sa mini albarka. Na sake faɗa, har da rantsuwa, suka ƙara yarda da nasu zancen. Na rasa inda zan sa kaina. Tela ya dube ni, idonsa ja.

"Tausai na kaka ji? Riƙe abinka."

Ya miƙa wa ɗaya daga cikin magidantan nan bakin rawani, ya shiga kwalta ya kafe ƙafafunsa a daidai inda na tsaya ran nan. Ba a jima ba lori ya ɓullo daga arewa. Kunnen tsohon mai tare hanya ya san muryar injin da ke da niyyar tsayawa, wannan ba shi da ita. Magidancin ya fara ja da baya. Tela bai motsa ba, ya ɗaga haɓa, ya rufe ido. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, gumi ya karyo mini, ƙirjin kuwa yana nan a tafiyarsa kamar ba da shi ake ba. Na manta da likita da duk abin da ya ce. Na zabura na miƙe zan finciko abokina. Taku biyu na tuna.

Da na farfaɗo kaina yana kan cinyar Tela, ya jiƙa rawanin yana goge mini fuska, bakina cike da ƙasa, goshina ya fashe. An riga an kira salla. Duk jama'a suna tsaye a kaina, 'yata na durƙushe da yatsunta a wuyana, ba mai cewa masha Allah. Wai da na faɗi, faɗuwar ta yi ƙara kamar an yar da buhu, Tela ya buɗe ido, ya saki rawani ya yo kaina da gudu.

Ya ce, "Ashe da gaske kake."

Na ce, "Da gaske nike. Wa yat tare hanya?"

"Wa za shi tare? Duk muna kanka."

Wani daga baya ya ce lorin ko birki bai taɓa ba. Ya ce mata ne da yara a bayansa, a kan katifu, suna waigen tirenmu har suka ɓace. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin magariba ta riski mota a ƙauyenmu ta wuce ba sai ranar. Abokina yana da rai, ina jin hannunsa a goshina. Su kuma mutanen nan, ƙauye na gaba da ke shimfiɗa tabarma da nisa, ban san inda suka sha ruwa ba.